Ladabin Fasa Nutso da Fitowa daga Ƙarƙashin Teku

Allah Maɗaukakin Sarki ya yi kifi domin ruwa, ya yi ɗan Adam domin tudu. Kome gwanintar mutum wajen ninƙaya, idan ya yi nutso ba ya daɗewa sai numfashi ya koro shi sama. Ko masuntan Argungu, waɗanda suka tashi a bakin gulbi tun suna yara, tilas ne su ɗago kai su sha iska bayan ɗan lokaci kaɗan.

A shekarar 1943 waɗansu mutum biyu na ƙasar Faransa, Jacques Cousteau, hafsan sojan ruwa, da Emile Gagnan, injiniya, suka ƙera wata na'ura wadda ta sauƙaƙa wannan al'amari. Ana ɗura iska mai yawa cikin tukunyar ƙarfe, mutum ya goya ta a bayansa, ya kama bakin bututunta da haƙora. Duk sa'ad da ya ja numfashi, sai na'urar ta sako masa iska daidai bukatarsa. In ya ƙara da gilashi mai rufe ido da hanci, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, yana iya yawo a ƙarƙashin teku wajen sa'a guda. Wannan irin nutso shi ake kira sukuba.

Yanzu mutane da yawa suna yin sa domin nishaɗi kawai, su ga kifaye masu launi iri iri, da kunkurun ruwa, da duwatsun murjani. Cikin wuraren da suka shahara da wannan wasa akwai Bahar Maliya, watau tekun nan da alhazan dā masu bin hanyar ƙasa suke ƙetarewa daga Sawakin zuwa Jidda. Akan tafi ne ƙungiya ƙungiya cikin jirgi, tare da jagora. Kowa kuma yana da abokin nutso, gama ba a shiga ruwa mutum ɗaya.

Masu wannan wasa suna da dokoki da yawa, amma akwai guda wadda suka ɗauka ita ce uwar sauran. Ga ta: kowane mai nutso yana da ikon ya fasa shiga ruwa, ko ya tsai da nutson da aka riga aka fara, a kowane lokaci, saboda kowane dalili, kuma ba mai tuhumarsa. Yaro da babba, sabon shiga da gwani, duk ɗaya suke a gaban wannan doka.

Abin da Ruwa Yake Yi wa Jiki

Ba za a gane amfanin dokar ba sai an san halin ruwa mai zurfi. Ruwa yana da nauyi, kamar yadda duk wanda ya taɓa ɗaukar tulu ya sani. Idan mutum ya sauka mita 10, watau wajen ƙafa 33, matsin da ke kan jikinsa ya ninka na tudu sau biyu. A mita 20 ya zama sau uku, a mita 30 sau huɗu. Gwargwadon zurfi, gwargwadon saurin ƙarewar iskar tukunya. Iskar da za ta ishe shi sa'a guda a saman ruwa, rabin sa'a za ta yi masa a mita 10, a mita 30 kuwa minti 15 kaɗai.

Akwai kuma wani abu na biyu. Iskar da ake shaƙa ba iri ɗaya ba ce. Kashi 21 cikin ɗari shi ne oksijin, wanda jiki yake rayuwa da shi. Kashi 78 kuwa wata iska ce da ake kira naitirojin. A cikin zurfi matsi yana tura naitirojin ya narke cikin jini da nama. In mutum ya hau sannu a hankali, sai ya fita ta numfashi ba tare da wata cuta ba. In kuwa ya yi gaggawa, sai ya zama kumfa cikin jiki, kamar yadda lemon kwalba yake yi idan an buɗe shi farat ɗaya. Wannan kumfa yana kawo ciwon gaɓoɓi, da jiri, da shanyewar jiki, wani lokaci har da mutuwa.

Wani masani na Faransa, Paul Bert, shi ya bayyana asalin wannan ciwo a shekarar 1878. A 1908 kuma John Scott Haldane, mutumin Sikotilan, da abokan aikinsa suka yi gwaji da awaki, suka tsara wa sojan ruwa na Ingila lissafin yadda mai nutso zai riƙa hawa yana tsayawa mataki mataki.

Saboda haka mai nutso ba shi da damar ya zabura ya tsere sama kamar yadda mutum yake tserewa daga ɗaki mai hayaƙi. Hanyarsa ta komawa tana cin lokaci, tana cin iska. Wanda ya yi jinkirin juyawa har ƙaramar damuwa ta girma, sai ya tarar ba shi da lokacin, ba shi da iskar.

Fasawa Tun Ana Tudu

Nutson da ya fi sauƙin tsayarwa shi ne wanda ba a fara ba. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mai hankali yakan duba abu uku kafin ya goya tukunya: jikinsa, da kayansa, da tekun kansa.

Game da jiki, mai mura ba ya nutso. Dalili shi ne akwai wata 'yar hanya tsakanin maƙogwaro da cikin kunne, ta nan iska take bi ta daidaita matsi sa'ad da ake sauka. Mura takan toshe ta, kunne ya yi zogi, har fatar cikinsa ta fashe. Haka kuma mai zazzaɓi, da wanda bai sami barci ba, da wanda amai ya galabaitar a cikin jirgi, da wanda ya sha abin maye, duk zamansu a jirgi ya fi. Game da kaya, idan bututu yana yoyo, ko ma'aunin iska ba ya aiki daidai, ba a cewa a lallaɓa. Game da teku kuwa, idan iska ta taso, raƙuman ruwa suka yi girma, ko ruwa yana ja da ƙarfi, ko ya gurɓace har mutum ba ya ganin abokinsa, sai a haƙura.

Wani lokaci ba ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai zuciyar mutum ba ta kwanta ba. Wannan ma dalili ne isasshe. Mai fargaba yana numfashi da sauri, iskarsa ta ƙare da wuri, kuma ɗan abu kaɗan yakan firgita shi.

Fasawa tana da nata ladabi. Wanda zai fasa ya faɗa da wuri, ya gaya wa abokinsa da jagora baki da baki, domin a sama wa abokin wani wanda za su shiga tare. Kada ya ɓuya, kada kuma ya ƙaga ƙarya. Ya isa ya ce, "Yau ba zan shiga ba." Idan kuwa mai tuƙin jirgi ko jagora ne ya ce an fasa saboda halin teku, ba a yi masa gardama, ko da an biya kuɗi, ko da an zo daga nesa. Shi ya fi baƙo sanin ruwan wurin, kuma rayukan mutane amana ce a hannunsa.

Babban Yatsa

A ƙarƙashin ruwa ba a iya magana, sai da hannu. Idan mutum ya haɗa babban yatsa da manuni suka yi zobe, yana nufin, "Lafiya lau." Idan ya shimfiɗa tafin hannu yana karkata shi dama da hagu, yana nufin akwai abin da ba daidai ba, sa'an nan ya nuna wurin, ko kunne, ko ciki, ko bututu. Idan ya rungume jikinsa, sanyi yake ji. Idan ya gitta hannu a maƙogwaro, iskarsa ta ƙare ke nan, sai abokin ya yi maza ya miƙa masa bututunsa na biyu, wanda kowa yake ɗauke da shi domin irin wannan rana.

Amma alamar da ta fi duka nauyi ita ce dunƙule hannu a ɗaga babban yatsa sama. A tudu mutane suna yin haka ne in suna nufin madalla. A cikin ruwa ma'anarta dabam ce: nutso ya ƙare, a hau. Sababbin shiga sukan rikita biyun, shi ya sa malamai suke ta nanata musu tun ranar fari.

Wannan alama umurni ce. Wanda aka yi wa ita ba ya tambayar dalili, ba ya roƙon a ƙara minti biyar, ba ya nuna wani kifi mai kyau domin ya shagaltar da abokinsa. Abin da zai yi kawai shi ne ya mayar da alamar, don abokin ya tabbata an gane, sa'an nan su kama hanya tare. Ba a barin wanda ya ji damuwa ya hau shi kaɗai, gama mai jiri ko mai tsoro ya fi kowa bukatar mai kula da shi a hanya.

Akwai kuma lokatan da doka ce da kanta take ɗaga yatsa, ko da kowa yana jin daɗi. Tukunya cikakkiya allurar ma'auninta takan tsaya wajen 200, kuma an saba a ce mutum ya iso sama da saura 50, kada ya taɓa su. Masu shiga kogwannin ƙarƙashin ruwa, kamar na jihar Fulorida a Amurka, sun fi haka tsanani. Sukan kasa iskarsu kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ajiya saboda abin da ka iya faruwa. Haka nan zurfi yana da iyaka. Wanda ya sami shaidar farko ba ya wuce mita 18, kuma iyakar nutson nishaɗi duka mita 40 ce, gama daga wajen mita 30 naitirojin yakan fara juya wa mutum kai kamar mai maye. A Dahab ta ƙasar Masar akwai wani rami mai zurfi a bakin teku, da wata ƙofar dutse a wajen mita 55. Mutane da dama sun halaka garin neman ratsa ta da kayan da ba su isa wannan zurfi ba.

Idan kuma abokai biyu suka ɓace wa juna, kowannensu zai duba kewaye da shi na minti ɗaya kawai. In bai ga ɗan'uwansa ba, sai ya hau sannu, su sadu a sama.

Yadda Ake Hawa

Sauri ya haifi nawa. Ko an tsai da nutso saboda damuwa, hawa yana da tsari, ba a karya shi sai in rai ne yake cikin haɗari.

Na fari, ba a riƙe numfashi ko kaɗan. Iskar da aka shaƙa daga tukunya a mita 10 takan kumbura ta ninka biyu kafin a iso sama. In mutum ya riƙe ta, huhunsa yana iya yagewa. Mai nutso da numfashinsa kaɗai ba ya gamuwa da wannan, domin a sama ya ɗebi iskarsa.

Na biyu, ba a wuce mita 18 cikin minti ɗaya, malamai da yawa ma sun fi son mita 9 ko 10. Kafin a sami agogon hannu mai lissafa zurfi, akan koya wa mutum kada ya riga ƙananan kumfan numfashinsa isa sama.

Na uku, idan saura mita 5, sai a dakata minti 3, domin naitirojin ya ƙara ragewa.

Na huɗu, ana hawa ana duban sama, da hannu ɗaya a miƙe bisa kai, ana sauraron ƙarar inji, don kada a ci karo da jirgi. Da an fito sai a hura rigar da ke hana nutsewa, a ɗora hannu a ka, watau ana gaya wa mutanen jirgi lafiya lau. Kaɗa hannu sama da ƙasa a teku ba gaisuwa ba ce, neman taimako ne.

Bayan an fito ma da sauran kiyayewa. Ba a shiga jirgin sama sai an yi aƙalla sa'a 12 bayan nutso ɗaya, ko sa'a 18 bayan nutso da yawa. Wanda ya ji ciwon gaɓoɓi, ko kasala mai tsanani, ko wani sashen jikinsa ya mutu, ya faɗa nan da nan, kada ya ɓoye don kunya. Za a kwantar da shi, a ba shi oksijin, a garzaya da shi asibiti, inda akan sa irin wannan majinyaci cikin wani ɗakin ƙarfe mai matsin iska har kumfan ya narke.

Ladabin Abokan Tafiya

A ce ga wani saurayi ya shiga ruwa tare da wani dattijo wanda ya daɗe yana nutso. Dattijon ya yi tafiya mai nisa domin ya ga wani jirgi da ya nutse tun dā. Ba su yi minti goma ba sai saurayin ya ɗaga yatsa. Dattijon ya mayar masa da alamar, suka hau tare. Da suka zauna cikin jirgi saurayin ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, ka gafarce ni, na ɓata maka tafiya." Dattijon ya ce, "Ɗana, ba abin da ka ɓata. Jirgin nan ya shekara da yawa a wurin, gobe ma yana nan. Yaya jikin naka?"

Wannan ita ce tambayar da ta halatta. Ana tambayar lafiya, ba a tambayar laifi. Ba a yi wa mutum dariya, ba a kira shi matsoraci, ba a ɓata fuska, ba a lissafa masa kuɗin da aka kashe. Dalilin wannan ladabi ya wuce kyakkyawar mu'amala kawai. Wanda aka kunyata yau, gobe in ya ji damuwa a mita 25 zai yi shiru, ya daure, har abin ya fi ƙarfinsa. Sa'an nan haɗarin ba nasa ba ne shi kaɗai, har da abokin da zai yi ƙoƙarin ceto shi. Ashe mai yi wa abokinsa ba'a kansa yake haƙa wa rami.

Shi ma wanda ya tsai da nutso yana da abin da ya wajaba a kansa. Ya gode wa abokinsa. Ba tilas ya faɗi dalili ba, amma idan kaya ne suka lalace, ko ruwa ne yake ja a wani wuri, ko ciwo ne yake ji, ya kamata ya gaya wa jagora, domin a kiyaye waɗansu. Gwani kuma ya riƙa fasawa a gaban kowa idan hali ya yi, don ƙanana su ga ba abin kunya ba ne. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Ƙidayar Mutane

Nutso bai ƙare ba sai kowa ya komo jirgi. Idan jagora yana son ya kira mutane duka su fito, akan buga ƙarfe a jikin tsanin jirgi, gama ƙara tana tafiya nesa cikin ruwa. Wanda ya ji, sai ya hau bisa tsari. Kafin a ɗaga anga kuma, sai a kira sunan kowa, shi da kansa ya amsa.

An koyi muhimmancin wannan da baƙin ciki. Ran 25 ga Janairu, 1998, wani jirgi ya kai mutane nutso a babban tudun murjani na gabashin Ostareliya. Da aka gama ya juya gida, alhali wani mutum da matarsa, 'yan Amurka, suna cikin ruwa. Ba wanda ya lura sai bayan kwana biyu, sa'ad da aka ga jakarsu a cikin jirgin. An yi ta nema, ba a same su ba. Bayan wannan hukumar jihar Kwinsilan ta ƙara tsananta dokar ƙidayar mutane a jiragen nutso. Saboda haka wanda ya fito da wuri ya tabbata an rubuta fitowarsa, kada kuwa wani ya amsa sunan wani.

Akan fara koya wa yara sukuba tun suna da shekara 10, a ruwan da bai wuce mita 12 ba, tare da babba. Amma ko yaron da bai taɓa ganin teku ba yana da rabo cikin wannan darasi. Wanda ya je wanka a rafi ko kududdufi da damina, ya ga ruwa ya cika yana gudu, in ya ce ba zai shiga ba, ya yi daidai. Abokansa kuma kada su tsokane shi, su rako shi gida. Masu iya magana sun ce iya ruwa fid da kai.

Ma'anar Kalmomi

Sukuba: nutso da tukunyar iska a baya.
Matsi: dannawar da nauyin ruwa ko na iska yake yi wa jiki.
Murjani: wani abu mai tauri kamar dutse, wanda waɗansu ƙananan halittun teku suke ginawa.
Anga: ƙarfe mai nauyi da ake jefawa cikin ruwa don jirgi ya tsaya.

Tambayoyi

1. Su wane ne suka ƙera na'urar shaƙar iska ta 1943, kuma mutanen wace ƙasa ne?
2. Wace doka ce masu nutso suka ɗauka uwar sauran dokoki?
3. Idan iskar tukunya za ta yi sa'a guda a saman ruwa, minti nawa za ta yi a mita 20?
4. Me ya sa mai mura ba ya nutso?
5. Mene ne bambancin ɗaga babban yatsa a tudu da ɗaga shi a cikin ruwa?
6. A kawo abu huɗu da ake kiyayewa wajen hawa.
7. Don me yi wa wanda ya fasa dariya yake jawo haɗari?
8. A rubuta layi goma a kan karin maganar nan: iya ruwa fid da kai.